In naka biyu suka haɗu a fili

Gero ya shiga rumbu, sanyi ya fara saukowa, ganga ta fara tashi a dandali bayan isha'i. Kun san abin da ke tafe: takobi. Tun da aka buɗe gasar a Tawa a 1975, Kantu na Maradi ya ɗauka, ba a daina ba. Yau jahohi takwas ne, kowace tana tura ƴan kokowa goma. Goma kacal fa, daga Magarya har Tanut. Shi ya sa zaɓen da ake yi a Damagaram kafin tafiya ya fi tayar mana da hankali.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. Da can Tanut da Belbeji departama guda ne, yaranmu tare suke shiga mota su yi kusan kilomita 150 zuwa filin Langa-Langa. A 2011 aka ba Belbeji nata departama. Mun yi murna, kuma har gobe muna yi. Sai dai iyakar da aka shata a takarda ta ratsa ta tsakiyar gidaje, kuma a filin kokowa ne muka fara ganin hakan da idonmu.

Bara ƙuri'a ta haɗa ƙanenmu na Tanut da ɗan gwaggonmu na Belbeji. Taubasai ne, kwano guda suka ci tuwo, malami guda ya rubuta musu laya. Mu da aikinmu shi ne surutu a rediyo, ranar nan mun bar makirufo ga abokan aiki, muka zauna cikin ƴan kallo bakinmu a rufe. In baƙo ake kayarwa, kaye abin sha'awa ne. In naka ne, ba ka ganin gwaninta, gwiwarsa kawai kake kallo, da wuyansa. To in duka biyun naka ne fa? Makaɗi ya wasa wannan, gabanmu ya faɗi. Ya juya ga wancan, ya sake faɗuwa. Kawu da ke gefenmu ya ciro tasbaha, ya ja biyu ya tsaya. Muka ce: «Kawu, lafiya?» Ya ce: «Wa zan roƙa wa?»

A tenis ma an ga irin wannan. Ƴan matan nan na Amurka, Venus da Serena Williams, uwa ɗaya uba ɗaya, sun haɗu a wasan ƙarshe na manyan gasa huɗu a jere, daga Faransa a 2002 zuwa Ostireliya a 2003, ƙaramar ce ta ci duka. Muna yara lokacin, muna leƙen tele muna mamakin yadda uwarsu take iya zama tana kallo. Amma can ko wadda aka ci tana komawa gida da miliyoyi. A nan wanda aka kayar kuɗin mota yake nema, kuma gurbin da ya rasa shi ne abin da ya ƙwallafa wa rai shekara guda, ko ya samu na sayen shanun noma.

Inna ba ta zo ba. Ba ta taɓa zuwa ba. Tana tsakar gida da rediyo a kan tabarma, an ce da aka kira sunayen sai ta rage murya ta shiga ɗaki. Gwaggo kuwa can Belbeji aike ta ƙirƙiro ta fita.

Sun daɗe suna zagaye juna, kowa ya san dabarar ɗan'uwansa, har alƙali ya ja musu kunne. Ana haka na Belbeji ya sunkuya ya kama ƙafa, ƙanenmu ya zauna daɓas. Fili ya ɗauki ihu, layinmu tsit. Wanda ya yi kayen bai yi kirari ba, bai zaga fili ba. Ya miƙa hannu ya ɗaga shi, ya karkaɗe masa yashi a baya. Masu cewa ƴan'uwa sukan sayar wa juna kaye, da sun ga fuskokin nan biyu da sun yi shiru.

Washegari wani ɗan Mirya ya kayar da shi shi ma, babu wanda ya shiga goman. Mota guda suka dawo, taubashin yana ta tsokana wai a biya shi kuɗin kaye.

Bana duka biyun sun koma atisaye. Inna ta riga ta ce a saya mata batir.