Dattijon Tsauni da gyaran maƙerar gado

A garin Tsauni, cikin ƙasar Matamai ta jahar Damagaram, akwai wani dattijo da ya shafe rani guda yana gyaran ɗaki ɗaya tak. Ɗakin kuwa maƙerar mahaifinsa ce, wadda ta zame masa wurin ɗebe kewa tun da ya ajiye aiki.

Ɗan maƙera ne gaba da baya. Yana yaro ya ja zugazugi, ya riƙe awartaki, kafin ya tafi Damagaram inda ya yi shekaru a wata ma'aikatar ƙera garma da amalanke. A can ya koyi aiki da injin feƙe ƙarfe, wanda ake kira tur. Shi wannan inji juya ƙarfen yake yi da sauri, wuƙa tana tsaye tana aske shi kaɗan-kaɗan har ya kai kaurin da ake so. Da aka yi gwanjon tsofaffin kaya, sai ya sayi guda ya kawo gida. Bayan da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, kayan gyaran da ake shigowa da su daga Turai suka yi tsada ƙwarai, maƙwabta suka riƙa kawo masa abin da ya karye. Bai taɓa yanka wa kowa farashi ba. Ya kan ce shi sha'awa ce ta zaunar da shi, ba neman abinci ba.

To, amma ɗakin ƙasa ba ya yafe sakaci. Gara ta cinye azara, damina ta buɗe rufi, ruwa ya riƙa ɗiga a kan injin har tsatsa ta hau shi. Babban ɗansa ya zo ya durƙusa ya ce: "Baba, masu sayen tsohon ƙarfe suna biya da kilo. A sayar da shi, a mai da ɗakin shago." Dattijo ya yi shiru, can ya ce: "Na ji. Ba ni zuwa kaka."

Raguna biyu ya sayar ya soma aikin, kuma daga ƙasa ya fara. Ya fasa daɓen da ke nan, ya zuba siminti mai kauri, ya daidaita shi da siririn tiyo cike da ruwa, domin ruwa ba ya ƙarya. Dalili kuwa shi ne, idan ƙafa ɗaya ta injin ta nutse, gadonsa zai murɗe, sandar da aka feƙe ta fito da kauri a gindi, siriri a kai, alhali ana neman daidaito da bai kai kaurin gashi ba. Daga nan ya sa kwano a sama. Ya toshe tagar gabas, ya buɗe wata ta kudu, saboda iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ƙurarta kuma in ta haɗu da mai sai ta zama dutsen washi, ta cinye ƙarfe a hankali.

Sai maganar wuta. Motar injin tana son lantarki mai ƙarfin bolt 380, abin da babu shi a gidan. Ya cire ta, ya ɗauko tsohon injin niƙa mai shan gazuwal, ya girke shi bayan bango don hayaƙi, ya ratso bel ta wata ƴar kafa. Bel ɗin da boris sai da ya bi ta Ɗan Barto da Daura har kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kafin ya same su. Abu ɗaya ne bai taɓa ba: uwar maƙerar mahaifinsa. Ya zagaye ta da siminti, ya bar ta inda marigayin ya kafa ta.

Mai karatu zai ce, me ya kai tsoho ga wannan wahala? Akwai abin da bai faɗa wa ɗansa ba. Ƙasar Kance da Matamai ta san zafin tafiya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 cikin hamada a kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, kuma da dama ƴan wannan yanki ne. Dattijon yana da jika saurayi, wanda ya fara zancen bin wannan hanya. Ya san wa'azi ba ya riƙe ƙafar yaro, sai ya sa shi kwaɓa siminti, ya sa shi goge tsatsa da kananzir, ya kuma nuna masa yadda ake karanta ma'auni.

Ranar da aka tayar da injin, wani mai garkar rake ya kawo sandar injin ban ruwansa da ta cinye. Dattijo ya ɗaura ƙarfe, ya yi askin farko, sa'an nan ya ja da baya ya ce: "Zo nan, kai malalaci, hannuna rawa yake yi." Yaron ya ce: "Kaka, in na ɓata fa?" Ya ce: "Ka ɓata. Ni ma na ɓata da yawa." Sandar farko ta lalace, ta biyu ta shiga gurbinta daram, mai rake ya tafi yana sa albarka.

Kaka ta zo ta wuce, ba a sake ta da maganar shago ba. Yaron bai ce ya fasa tafiya ba, kakansa ma bai tambaye shi ba. Sai dai makullin ɗakin yana aljihun yaron, kuma shi ne ke rufe injin da tsumma kowace magariba. Allah ya sa albarka cikin abin da aka gada.