Gardamar Drishyam a Gidan Kawu

Gardamar da fim ɗin Drishyam ya tayar a gidan kawunmu ta fi fim ɗin tsawo. Shi bai cika awa uku ba, ita kuwa ta cinye sauran daren, ta kwana, ta tashi tare da mu wajen karin kumallo. Da hunturu ne, dangi sun taru a Kano bikin wata ƙanwarmu, gida cike da baƙin Zariya da na Katsina. Da aka kai amarya, hayaniya ta lafa, sai ɗan Kawu, ɗalibin jami'a da duk gidan ke kira Ɗan Boko, ya jona kwamfutarsa da talabijin ɗin falo. Rubutun Turanci na fitowa a ƙasan hoto, shi kuma yana mayar wa Goggo da Hausa.

Gidanmu ba baƙon fim ɗin Indiya ba ne. Kawu ya yi zamanin silimar Plaza da El Dorado, ya san Amitabh Bachchan tun yana saurayi. Amma wannan fim na 2015, wanda Nishikant Kamat ya ba da umarni, babu rawa a kan tsauni, babu jarumi mai dukan mutum ashirin. Ajay Devgn da muka saba gani yana karya ƙasusuwa a Singham, a nan Vijay Salgaonkar ne, maraya wanda karatunsa ya tsaya a aji huɗu, yana jona wa mutane tashoshin talabijin a wani ƙaramin gari na jihar Goa. Duk iliminsa daga fina-finan da yake kwana kallo a shagonsa ya samo shi. Wani yaro mai suna Sam, ɗan Meera Deshmukh, babbar jami'ar 'yan sanda, ya ɗauki bidiyon 'yar Vijay, Anju, a ɓoye tana wanka, ya biyo ta gida da dare yana barazana. Uwar Anju ta roƙe shi, sai ya juyo da buƙatarsa kanta. Yarinyar ta ɗauki ƙarfe ta kai wa wayar duka, ta sami kansa, ya faɗi matacce.

Daga nan Vijay ya shiga aiki. Ya nutsar da motar yaron a ruwan wani ramin fasa dutse, ya sa layinsa a wata waya ya jefa bayan babbar mota mai tafiya nesa. Ya kwashi iyalinsa zuwa Panaji, suka kwana a masauki, suka ci abinci, suka shiga silima, yana adana kowane tikiti da rasit. Daga baya ya riƙa bin mutanen da suka gan su yana jan su da hira, yana maimaita musu cewa ranakun 2 da 3 ga Oktoba ne suka je taron wa'azi, har ranar ta zauna musu a kai. Da bincike ya tsananta, wani ɗan sanda mai suna Gaitonde ya doki iyalin, har ƙaramar yarinya Anu, wadda tsoro ya sa ta nuna inda aka binne gawar a bayan gida. Aka tona, aka tarar da mushen dabba. Sai a ƙarshe muka ga inda gawar take: ƙarƙashin daɓen sabon ofishin 'yan sandan garin, wanda ake ginawa lokacin da abin ya faru.

Falon ya ɗauki tafi. Har Goggo, da ba ta cika tanka wa fim ba, sai da ta tafa. Mutum biyu ne ba su ɗaga hannu ba, Kawu da ɗansa, kuma kowa da dalilinsa.

Ɗan Boko ne ya fara. Ya ce fim ɗin na da wayo, amma ba shi da zurfi, kuma mutane na rikita biyun. Ya ce ai ma ba na asali ba ne, Jeethu Joseph ya fara yin sa a 2013 da harshen Malayalam, Mohanlal ya fito a uban, sannan aka maimaita shi da Kannada da Telugu da Tamil. Ya ƙara da cewa an yi ta zargin labarin ya yi kama da littafin marubucin Japan, Keigo Higashino, mai suna The Devotion of Suspect X, ko da yake Jeethu Joseph ya musanta. Ba wannan ne ya fi damunsa ba. "Ku duba yadda aka gina Sam," in ji shi. "Ba a bar masa ko ƙwayar kirki ba, don kada wani ya ji zafin mutuwarsa. Gaitonde ma mugu ne tun daga fitowarsa ta farko. An share wa Vijay hanya, an share wa lamirinmu hanya. Kuma da ba a ginin ofishin a daidai wannan makon fa? Fim mai zurfi shi ne wanda in ka san ƙarshensa za ka so ka sake kallo. Wannan da ka san inda gawa take, an gama."

Kawu ya bar shi ya kai aya. Saje ne mai ritaya, ya yi yawancin aikinsa a ɓangaren binciken laifuka, kuma ba ya saurin magana. Ya gyara zaman hularsa, ya ce ɗan nasa ya yi kuskure a wuri ɗaya. Batun shaidun nan, a cewarsa, wanda ya rubuta shi ya san aiki. "Na rubuta bayanin shaidu har hannuna ya yi kanta. Maƙaryaci ba ya ba ni wahala, in ka juya masa tambaya zai yi tuntuɓe. Wanda ke ba ni tsoro shi ne mai gaskiyar da ya rikita rana. Zai dafa Alƙur'ani ya rantse, kuma bai yi ƙarya ba, abin da ke kansa ya faɗa. Ana cewa gani ya kori ji. To wannan mutumin ya sa ji ya kori gani. Sun gan shi wata rana, ya yi ta faɗa musu wata ranar, har kunne ya rinjayi ido." Ya ce ya kuma yarda da matar nan, Meera, da ta lura cewa bakin iyalin ya zo ɗaya fiye da kima, domin 'yan gida ɗaya in gaskiya suke faɗa, sai ka ji sun saɓa a ƙananan abubuwa.

To me ya hana shi tafi? Ya ce fim ɗin ya mayar da ɓarna jarumta. Yarinya ta kare kanta da uwarta a cikin gidansu, doka ta san wannan, Shari'a ma ta sani. Uban ya ɗauki ƙaramar magana ya mayar da ita babba, ya zaunar da ƙaramar 'yarsa yana koya mata ƙarya dare da rana. "Wannan yarinyar da me za ta girma? Ba wanda ya tambaya, kuna ta tafi."

Nan Yaya ta shigo. Ita ce babbarmu, 'ya'yanta duk mata ne, kuma tun da aka fara fim ɗin hannunta ke kan kafaɗar babbar 'yarta. Ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri, amma kun manta da bidiyon. A ce sun je sun faɗi gaskiya. Dole su faɗi dalili, dole a yi maganar bidiyo, daga mai rubuta bayani zuwa kotu zuwa jarida. Ko an wanke ta daga kisa, wa zai wanke ta a bakin gari? Wa zai aure ta?" Ta tuna mana da 2007, shekarar da bidiyo ɗaya a waya ya girgiza Kano, ta ce duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san tsakanin namijin da macen wa ya ɗauki kunyar. Ta juya ga Ɗan Boko ta ce shi da yake cewa babu zurfi, don bai taɓa kwana yana tunanin abin da ke cikin wayar wani game da 'yarsa ba ne. Kuma yaron da ya mutu ɗan shugabar masu binciken ne. Wane talaka ne zai kai kansa wannan ofis?

Goggo ce ta ba kowa mamaki. Ta tafa da farko, amma da gardama ta yi nisa sai ta sa Ɗan Boko ya mayar da fim ɗin baya, zuwa inda Meera da mijinta suka sadu da Vijay bayan ta ajiye aiki. Suna ba shi haƙuri kan abin da ɗansu ya yi, suna roƙon ya faɗa musu ko yana raye. Vijay ya amsa a kaikaice, yadda za su gane ba tare da ya furta ba. Tabu, wadda ta fito a Meera, ba ta ce komai ba, fuskarta kawai ta rushe. Goggo ta binne 'ya'ya, ta san hanyar maƙabarta. Ta ce, "Ya tsare nasa, Allah ya sani. Amma matar nan har ta mutu ba za ta san inda ɗanta yake kwance ba. Ko ɗanka ɓarawo ne, kana so ka san kabarinsa." Ta ce ta janye tafinta.

Ni ban goyi bayan kowa gaba ɗaya ba a daren, kuma har yau haka nake. Ɗan Boko ya yi gaskiya game da Sam: an sauƙaƙa mana, kuma da an ba yaron ɗan mutuntaka, da fim ɗin ya fi nauyi. Amma ban yarda cewa sanin ƙarshe na kashe shi ba. Na sake kallonsa, kuma abin da ya riƙe ni ba dabarar tikiti ba ce. Mai shayin unguwa da kwandastan bas da sauran shaidun ne, mutanen kirki da aka yi amfani da amincinsu ba tare da saninsu ba. Vijay ya ci amanar duk wanda ya yarda da shi, fim ɗin ya nuna wannan a fili, mu ne muka ƙi gani saboda muna son ya tsira. Da 'yan Sin suka maimaita labarin a 2019 da sunan Sheep Without a Shepherd, sai suka sa uban ya miƙa kansa a ƙarshe. Wannan ƙarshen ya fi dacewa da ra'ayin Kawu, amma ni ina ganin na Indiya ya fi gaskiya, domin ya bar mai kallo da laifin a hannunsa. Kashi na biyu da ya fito da Hindi a 2022 ya nuna iyalin bayan shekaru bakwai suna firgita da kowace jiniya, wato tambayar da Kawu ya yi game da yarinyar ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Da safe ana shan koko da ƙosai a tsakar gida, Yaya ta dawo da maganar, wannan karon ba ta ambaci fim ba. Ta ce, "Kawu, tsakaninka da Allah. Da ni ce na buga maka ƙofa da tsakar dare, 'yata ce ta yi wannan, me za ka ce in yi?"

Kawu ya ajiye kofinsa. Ya ce zai kai su ofis da kansa, amma sai ya tashi lauya daga barci tukuna, kuma ba zai bar yarinyar a ɗaki da kowa ba sai yana tsaye, wayar kuma ba za ta bar gabansa ba sai an rufe ta an sa hannu.

"To wanda ba shi da kawu saje fa?"

"Shi ne Vijay," in ji Kawu. "Na ga irinsa da yawa a bakin kanta, na kuma yi aiki da irin Gaitonde. Ban ce ban san abin da ya sa kuka tafa ba. Cewa na yi ni ba zan tafa ba."