Cikin Fim da Cikin Gaske

Shekara talatin ina fataucin goro tsakanin Kumasi da Kano. 'Ya'yana bakwai, uku an haife su ina kan hanya. Shi ya sa in aka nuna mai juna biyu a wasan kwaikwayo, nakan auna shi da abin da na sani.

Kwanan nan muka gama kallon wani wasa mai dogon zango ni da iyali, labarin ango da amarya masu jiran ɗan fari. In faɗi gaskiya, sun yi ƙoƙari. Sun nuna kunyar cikin fari yadda take, yarinya na ɓoye wa uwarta abin da kowa ya riga ya gani. Sun nuna tafiya goyon ciki gidan iyaye. Mijin ma ba dodo suka mai da shi ba, talaka ne mai lissafin kuɗin ragon suna, barci ya ƙi zuwa. Wannan na san shi, wallahi.

Inda suka ba ni haushi shi ne ranar da ƙafafun yarinyar suka kumbura, tana kukan ciwon kai. Kakarta ta ce ai alamar tagwaye ce, aka sa kiɗan ban dariya, aka wuce. Haba! Kumburi da ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi na iya zama hawan jini na masu ciki, wanda ke kai mace ga jijjiga. A zangonmu mun binne wata maƙwabciya a kan haka. Ko sau ɗaya kuma ba a nuna ta a wajen awo ba, alhali tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8. A nan Ghana, tun 2008 aka sa awo da haihuwa kyauta a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa.

Wani zai ce wasa ne, ba asibiti ba. To, matanmu da 'ya'yanmu a nan baƙunta, ta waya suke ganin gida, abin da suka gani kuma shi suke ɗauka al'ada. Mai fim malami ne, ko bai so ba.

'Yan uwa fatake, gyaran fim sai masu fim, namu yana hannunmu. In za ka yi tafiya ka bar mai ciki, bar mata izini a gaban shaidu: in ta ga jini ko kumburi ko zazzaɓi, ta tafi asibiti, kada ta jira wayarka. Ajiye kuɗin mota daban, ka san wanda zai kai ta ko da tsakar dare ne.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya.