Bindigar Kakana da Kalmomin da Ta Bari

Mai karatu, a Legas babu abin da zai lalace a rasa kayan gyaransa. In mota ce, ga kasuwar Ladipo a Mushin. In tsohon ƙarfe ne, daga Ojota ka miƙe titin Ikorodu sai Owode Onirin. Amma akwai gadon da ya gagare mu gyara a gidanmu na Agege, wato bindigar kakana.

Kakana maharbi ne daga ƙasar Katsina, fataucin goro ya kawo shi Zangon Agege. Da ya rasu, aka sami bindigarsa ƙirar harbi-ka-ruga a ƙarƙashin gado. Kunamarta ta karye, gara ta ci icen, bakin ya yi tsatsa.

Baffana ya ce, "Yaya, a gyara ta, tarihin gidanmu ce." Mahaifina ya ce, "Ai ba keke ba ce, da za a kai wa kowa." Gaskiyarsa kuwa. Dokar makamai ta 1959 ta hana mallakar bindiga ba lasin, ta kuma hana ƙira ko gyara sai da izinin hukuma, ko da ta gargajiya ce. Mutumin da yake da 'ya'ya samari a gida, a gari irin Legas, ba ya wasa da wannan. Rigakafi ya fi magani. Bayan wata guda ana ja-in-ja, suka miƙa ta ga 'yan sanda, muka riƙe burgamensa na fata.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmomin da na ji a bakin dattawan nan biyu. Da na bincika, sai na ga "bindiga" daga Larabci take, "bunduƙiyya". Haka "albarushi" daga "al-barud", "harsashi" kuma daga "ar-rasas", wato dalma. "Kunama" kuwa hikimar Bahaushe ce: ƙarama ce, amma taɓa ta harbi ne. Ita ma "harbi-ka-ruga" ta faɗi halinta, domin kafin ka sake ɗura ta, naman dawa ya cim maka.

Ƙannena da aka haifa a Agege ba su san ko ɗaya daga cikin waɗannan asali ba. Don haka 'yan uwana ɗalibai, in an yi hutu, a ɗauki biro da takarda a zauna da maƙera da maharba tun suna raye. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.