Ranar Da Muka Jingine Kekuna A Lakwaja

A shekarun da mutum ke bin hanyar Kaduna zuwa Abuja hankali kwance, na shiga wata tawagar 'yan keke da ta tashi daga Kano ta nufi Legas, muna tara kuɗin yi wa mata masu yoyon fitsari aiki. Mun gangaro ta Gwagwalada da Abaji da Koton Karfe, muka haye gadar Murtala Muhammad a Jamata, muka shiga Lakwaja da la'asar sakaliya. Nan shugaban tafiya ya ce gobe babu hawa.

Sai da muka kwana jiki ya fara karɓar bashinsa. Cinya ta ƙage, tafin hannu ya mutu, zama kuwa sai a kaikaice saboda abin da sirdi ya yi mana. Ga zafin Lakwaja mai danshi, gumi ba ya bushewa. Duk da haka ba wanda ya wuni a kwance. Bakanikenmu ya kifa kekuna taya sama, yana wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Ni aka ba faci: in hura tif, in nutsa shi a bokiti, in bi kumfa har in gano hujin.

Da hantsi wani dattijo ya raka mu unguwar Kabawa, inda aka binne sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kawo nan. Cikinsu akwai Sarkin Kano Alu Babba, wanda aka kama a 1903, ya rasu a Lakwaja a 1926. Mu Kanawan tawagar muka yi masa addu'a. Wasu suka hau dutsen Patti da mota don su hango inda Kwara da Binuwai suka haɗu, ni kuma yunwa ta ja ni kasuwar bakin ruwa.

A kan titi mu abin kallo ne kawai. Yara su biyo mu da ihu, direbobin tirela su danna oda, kafin wani ya karanta rubutun rigarmu mun wuce. A kasuwa ne aka fara tambayarmu abin da ke tafe da mu. Wata mai ƙyafaffen kifi ta dubi wandon da ke jikina ta ce, "Ɗana, wannan a jikinka aka ɗinka shi? Daga ina?"

"Daga Kano, Inna, a kan keke."

Ta riƙe haɓa. Da na faɗa mata dalilin tafiyar sai ta rage murya. 'Yar ƙanwarta ce, in ji ta, tun haihuwar fari take zuba, miji ya sake ta, an ware mata ɗaki a bayan gida, ko biki ba ta zuwa.

"Ashe ana ɗinkewa?"

"Ana ɗinkewa, Inna. A asibitin Babbar Ruga da ke Katsina aikinsu ke nan."

Na kira malamar asibitin da ke bin mu a mota. Ta zauna a kan benci ta yi bayani dalla-dalla: ba iska ba ce, ba sammu ba ne, doguwar naƙuda ce. Kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu ya huje. Kafin ta gama, mata sun kewaye mu, kowa da wadda ta sani. Inna ta kwance bakin zani ta zuba abin da ya sawwaƙa a asusunmu, ta naɗe mana kifi a takardar siminti, maƙwabtanta suka bi sahu. Malamar ta rubuta musu kwatancen asibitin.

Washegari muka fuskanci tsaunukan Okene da sarƙa mai santsi da ƙafa mai dama-dama. Har yau in matasa suka zo neman shawara kan irin wannan tafiya, nakan ce su bar zancen otal mai sanyi. Su duba garin da ke da babbar kasuwa su sa hutunsu a can, kuma su tafi da wanda ya san ciwon da suke yi wa bara.