Agogo a Tsokar Kifi

A watan Agusta na 2011, Daniel Madigan, wanda a lokacin ɗalibin digiri na uku ne a Jami'ar Stanford, ya tattara tsokar kifayen tuna masu shuɗin fiffike guda 15 da aka kama a tekun San Diego da ke Kaliforniya. Shi ba masanin nukiliya ba ne. Ƙaurar kifi yake nazarta. An daɗe da sanin cewa a yammacin tekun Pasifik, wajajen Japan, ake ƙyanƙyashe wannan kifi, kuma wasu daga cikin ƙananansa kan keta tekun kacokan zuwa gaɓar Amurka. Abin da ke da wuyar tantancewa shi ne wane kifi ne sabon zuwa, kuma yaushe ya baro gida.

Watanni biyar kafin nan, ranar 11 ga Maris, girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami sun lalata tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi, gurɓataccen ruwa ya kwarara cikin teku. Madigan ya aika da tsokar ga Nicholas Fisher da Zofia Baumann na Jami'ar Stony Brook domin a auna. Dukkan kifayen 15 aka samu da sinadarin sisiyom-134.

Sisiyom mai fitar da tururin nukiliya iri biyu ne ya shiga tekun, kusan daidai wa daida. Mai lamba 137 sai ya shekara kimanin 30 kafin rabinsa ya dushe, kuma da ma akwai ragowarsa a teku tun gwaje-gwajen bama-bamai na shekarun 1950 da 1960, saboda haka ba a kafa hujja da shi kaɗai. Mai lamba 134 kuwa shekara biyu da 'yan kwanaki ke raba shi biyu; wanda duk aka gani a 2011 sabo ne, kuma ba shi da wani tushe sai Fukushima. Don kawar da shakka, sun auna tuna mai rawayan fiffike, wadda ba ta barin gabashin tekun, da kuma samfuran mai shuɗin fiffike na 2008. Ko ɗaya ba a samu 134 a jikinsa ba.

Daga nan aikin ya koma lissafi, kuma lissafi ne da ake yi da baya-baya. Jikin kifi yana karɓar sisiyom kamar yadda yake karɓar fotashiyom, ya ajiye a tsoka. Da zarar ya bar gurɓataccen ruwa, abu uku ke rage shi: sinadarin na dushewa da kansa, kifin na fitar da wani kaso kullum, sannan yana girma, sabuwar tsoka tana sirka tsohuwa. A hanya kuma yana tsintar ragowar tsohon 137, amma ba ya ƙara samun 134. Don haka tazarar da ke tsakanin su biyun ta zama agogo mai nuna tsawon lokacin da kifi ya yi da barin Japan. Lissafin dai ya dogara ne da zato a kan saurin girman kifi da saurin fitar da sinadarin, kuma in zato ya karkace, kwanakin ma sai su karkace.

Adadin da suka wallafa a 2012 kaɗan ne ƙwarai: kimanin bekerel 10 a kowane kilo na busasshiyar tsoka, alhali iyakar da Japan ta gindaya wa abinci daga Afrilun shekarar bekerel 100 ce, kuma fotashiyom-40 da kifin ya taso da shi tun fil azal ya ninka wannan sisiyom sau da dama. Sai dai mai saye a kasuwa ba ya tafiya da ma'aunin bekerel. Sunan Fukushima kawai yake ji. Masuntan yankin, waɗanda suka jingine sana'arsu bayan hatsarin, sai a watan Yunin 2012 suka koma kamun gwaji, kuma sun shafe shekaru suna fama da ƙyamar kayansu.

Madigan ya ci gaba da amfani da alamar wajen bambance sabbin baƙi da kifayen da suka daɗe a gabashin tekun, yana sane da cewa aronta aka ba shi. Zuwa 2021, sisiyom-134 ya rabu biyu kusan sau biyar. Abin da ya saura bai fi kashi ɗaya cikin talatin ba.