Baƙar Waya, Koriyar Waya

Mai sayen babur yakan duba fenti, ya latsa taya, ya kasa kunne ga ƙarar inji, amma ba kasafai yake ɗaga tanki ya leƙa wayoyin da ke kwance a ƙarƙashinsa ba. Alhali a garin bakin teku irin Kwatano, waya ce ke riga komai mutuwa. Iskarmu tana ɗauke da gishiri. Damina biyu muke yi a shekara, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma unguwanni da dama ruwa na kwanciya a cikinsu har ya kai gwiwa. Tagullar da ke cikin waya takan yi kore ta rube, alhali robar da ta lulluɓe ta tana nan lafiya lau a ido. Sai wata rana babur ya mutu a tsakiyar titi, mai shi ya shiga zargin kafireto ko mai, ciwon kuwa yana wani waje daban.

A nan babur ba kayan ado ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gadar Godome da sassafe ya ga yadda mutanen Abomey-Calavi, wadda mu 'yan Zango muke kira Kalabi, suke kwararowa cikin Kwatano a kan ƙafa biyu. Masu rigar ɗorawa da lamba a baya su ne 'yan zemijan, abin da Kano ke kira acaɓa, Yamai ke kira kabu-kabu. A ɗaya hannun kuma ɗalibai ne ke fita zuwa jami'ar Kalabi, wadda aka kafa tun 1970. Gida nawa ne tukunyarsu ba ta hawa wuta sai babur ya tashi da safe? Allah kaɗai Ya san adadinsu.

Gidan Yayana yana cikinsu. Shekaru ya yi yana zemijan da wani babur da ya harhaɗa da hannunsa: gangar jikin daga wani tsohon babur, injin ɗan Sin ne irin wanda aka kwaikwaya daga Honda CG125, maɓallan hannu da fitilar gaba kuma daga Yamaha ya ciro su. Da Allah Ya yi masa rasuwa, babur ɗin ya shekara jingine a ƙarƙashin kwano a gidanmu na Zango. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya taya, kuɗin da ba za su ciyar da gidan wata guda ba. A lokacin ne babban ɗansa ya samu shiga jami'a. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, man kwalba da muke kira kpayo ya yi tsada, kuɗin hawa ma ya bi shi. Zuwa Kalabi da dawowa kullum ya fi ƙarfin uwarsa.

Ta ce mini, "Baffan yara, a sayar kawai. Tun yana raye yake fama da shi, kullum yana wajen mai riwaya."

Na ce, "Yaya, ki ba ni mako biyu. In bai tashi ba, ni da kaina zan kira mai sayen."

Sana'ata gyaran rediyo da fanka ce, saboda haka waya ba baƙuwata ba ce. Muka ɗora babur a amalanken mota zuwa gidana a Kalabi, muka kafa shi a tsakar gida. Da muka cire tanki da kujera, abin da na gani ya fi kama da sheƙar tsuntsu. Na ƙirga ɗauri 23, kowanne an murɗe shi da hannu an naɗe da baƙin salatif. A gurbin fis an ɗaura guntun waya. Ba na ganin laifin masu riwaya a kan wannan. Ɗan zemijan da babur ɗinsa ya mutu da hantsi ba ya neman a warke masa ciwo, so yake a lallaɓa ya koma titi kafin azahar, kuma kuɗin lallaɓawar kaɗai ke aljihunsa. Kowane ɗauri a cikin 23 ɗin nan wata rana ce da Yaya ya zaɓi cefane a kan gyara. Sai dai fis mai gadi ne, an yi shi ne don ya ƙone a madadin sauran wayoyi. Idan aka maye gurbinsa da waya, ranar da wata waya ta goge ta taɓa ƙarfe, zafin zai bi duk jikin babur, kuma tiyon mai yana nan a saman wajen. Wannan ne abin da yaro zai hau kullum. Nan na yanke shawarar ba zan ƙara ɗauri na 24 ba, duka zan zare.

Babbar matsalar babur ɗin haɗe-haɗe ita ce launi. Kowane kamfani da harshensa. A tsarin Honda, wanda injinan Sin da yawa suka gada, koriyar waya ce ta ƙasa, wato wadda ke komawa jikin ƙarfe. Ja ita ce ke fitowa daga batir. Baƙa kuma tana ɗaukar wuta bayan an murɗa makulli. A tsarin Yamaha kuwa baƙar waya ce ta ƙasa. Duk wanda ya ga baƙa nan, ya ga baƙa can, ya haɗa su don sun yi kama, ya haɗa wuta da ƙasa ke nan. Alamar irin wannan gamuwa tana nan a jikin wayoyin Yaya: roba ta narke tsawon taƙi guda, wani ya naɗe ta ya wuce. Kama da wane ba ta wane ba ce, ko a waya.

Kafin in yanke ko da waya ɗaya, na samu bayan kwali na zana. Na raba aikin gida uku: wutar da ke tayar da inji, wutar da ke cika batir, da wutar fitilu da oda. Na fara da ta farko, domin ita ce rai. A irin wannan inji, tartsatsin fulogi ba ya dogara da batir. Idan aka buga kik, maganaɗisun da ke cikin inji yana zagaya wani koyil, shi kuma ya haifar da wuta ya tura ta ta waya baƙa mai ratsin ja zuwa wani ɗan akwati da ake kira CDI. Akwatin ya tara wutar ya riƙe. Wani ƙaramin koyil na biyu, mai waya shuɗiya da ratsin fari, shi ke sanar da akwatin cewa fistin ya iso inda ya kamata. Nan take akwatin ya sako abin da ya tara ta waya baƙa mai ratsin rawaya zuwa babban koyil, wanda ke ninka shi zuwa dubban bolt, har wuta ta tsallaka bakin fulogi ta kunna mai. Tazarar bakin nan ba ta kai milimita 1 ba, tsakanin 0.6 ne da 0.7. Waya ta huɗu koriya ce, ta ƙasa. Ta biyar, baƙa mai ratsin fari, aikinta kashewa ne: idan aka kashe makulli, tana haɗuwa da ƙasa, tartsatsi ya ɗauke. Shi ya sa in babur irin wannan ya ƙi ba da wuta, ita ake fara zarewa a gwada. Sau da yawa ita ce ta goge a wuyan babur take kashe injin ba da iznin kowa ba.

Wayoyi biyar ɗin nan kaɗai muka ja sababbi a rana ta uku. Na kwance fulogi, na jingina shi da jikin inji, na ce wa yaron ya buga kik. Tartsatsi shuɗi ya yi tsalle, ƙas, ƙas, ƙas. Ya tsaya da ƙafa a kan kik ɗin yana kallo.

"Baffa, ke nan injin bai mutu ba?"

"Bai mutu ba, ɗana. Hanya ce ta toshe masa."

Sauran aikin haƙuri ne kawai. Mun sayi waya mai silili da yawa a ciki, domin wayar gida mai ƙwaya ɗaya girgiza ke karya ta. Kowane baki mun sa masa kan ƙarfe mun matse, inda ya zama dole a haɗa biyu kuma mun ɗiga dalma. Fis mai amfiya 10 muka sa dab da batir, yadda babu wani tsawon jar waya da ke tafiya ba mai gadi. Inda wayar ƙasa ke kama ƙarfe mun goge fenti da tsatsa da sanfefa har ya yi ƙyalli, muka ɗaure, muka shafe da giris saboda gishiri. Fitilar gaba da ta baya kowacce mun ja mata koriyar waya tata, maimakon a bar wuta tana neman hanyar komawa ta cikin tsatsattsun kusoshi. A wuyan babur mun bar sassauci don kan ya juya hagu da dama ba tare da ya ja komai ba. Da muka gama, mita ta nuna bolt 12.6 a sabon batir yana zaune, ta haura kusan 14 da aka ba inji wuta. Rektifaya tana aikinta ke nan.

Wani abin da aikin ya nuna mini shi ne yadda harshe ke raba mu da kayanmu. Bakaniken Kwatano zai ce buji, na Kano ya ce fulogi. Wannan ya ce mas, wancan ya ce at, duk wayar ƙasa suke nufi. Takardun da ke bayanin injin da Faransanci ne ko Ingilishi, in ma an same su. Yaya ya shekara da shekaru a kan wannan babur, amma abin da ke ƙarƙashin tankinsa sirri ne a hannun wasu. Saboda haka na sa yaron ya sake zana taswirar a takarda mai kyau da hannunsa, ya rubuta sunan kowace waya da Hausa: mai tayarwa, mai kashewa, mai cika batir, ta ƙasa. A gefe ya rubuta da jan biro cewa baƙar wayar maɓallan hannu ba ɗaya take da baƙar wayar makulli ba.

Yanzu baburan lantarki irin na Spiro sun shigo titunan Kwatano, ana musanya batir a tasha kamar yadda ake sayen kwalbar mai. Babu kafireto a jikinsu, babu fulogi, kusan komai waya ne. Yaron da ya iya bin waya daga tushe zuwa ƙarshe da mita a hannu ba zai rasa abin yi ba a shekarun da ke tafe, ko da digiri ko babu.

Kwana goma sha ɗaya aikin ya ci. Yanzu yaron yana zuwa aji da safe, da yamma ya ɗauki fasinja kafin ya koma Zango, abin da ya samu ya raba biyu, rabi na mai, rabi na uwarsa. Taswirar tana naɗe cikin leda a ƙarƙashin kujera. Na gaya masa duk ranar da babur ya kai shi wajen mai riwaya, ya fara miƙa masa takardar kafin ya miƙa makulli, kuma in fis ya ƙone, ya nemo dalili, sannan ya sa wani fis ɗin.